Kowa ya ce sufamaket yake so a garinmu, in zuba kuɗin Jidda a ciki?

Wannan tambayar wani ɗanmu ne daga Maiwurno da ke jihar Sinnar a Sudan ya turo, doguwa ce sosai na ɗan rage ta, ga dai gundarin abin da yace:

"Assalamu alaikum Kawu, ina gaisuwa. Shekara tara nayi a Jidda ina tuƙin motar kaya, yanzu na tattaro na dawo gida gaba ɗaya. Bayan hidimar gida da abin da yaƙi ya cinye, abin da ya rage a hannuna riyal dubu 30 ne. Da na faɗa a guruf ɗin 'yan garinmu na WhatsApp cewa ina son buɗe wani abu a cikin kasuwa sai aka yi ta ruwan shawara, kowa na faɗar abin da yake so ya gani a tsakiyar gari. Mafi yawa sun ce sufamaket irin na Madani a da, wasu sun ce gidan abinci mai kujeru da wurin iyali, wasu saidaliyya wato shagon magani, wasu gidan burodi, samari sun ce wurin kallon ƙwallo, mata kuma shagon kayan jarirai da na amare. Ni dai raina ya fi kwanciya da sufamaket tunda shi aka fi ambata. Me ka gani Kawu?"

Wa alaikumus salam ɗana, sannu da hanya, Allah yasa ka dawo a sa'a ya kuma zaunar mana da ƙasa lafiya. Riyal dubu 30 ba abin rainawa bane a wannan marra, in ka raba da 3.75 da riyal yake a kan dala, dala dubu 8 kenan, akwai attajiran da suka fito daga birnin Madani da yaƙi ya ci a Disambar 2023 daga su sai jallabiyar jikinsu, yau in suka samu rabin wannan sai sun yi sujjadar godiya. Amma fa ba kuɗin sufamaket bane, gara in faɗa maka tun da wuri kar mu tsaya kwana-kwana.

Kafin ma mu je ga lissafi, ka koma guruf ɗin nan ka duba lambobin waɗanda suka ce sufamaket, ka ƙirga min nawa ne lambarsu ta fara da 966 ko 20 ko 218, nawa ne kuma suke kwana a Maiwurno. Mutumin da ke zaune a Riyad ko Alƙahira ko Libiya in ka tambaye shi me kake so a garinku, garin da yake fatan a ce nasu ne yake siffanta maka, wurin da zai ɗauki hoto in ya zo hutu, ba abin da zai zaro kuɗi ya saya gobe da safe ba. Ba laifinsu bane, kishin gari ne, sai dai mai shago in ya zo karɓar haya ba ya karɓar kishin gari. Masu sayayyar gaskiya kuwa, matar da ke aiko yaro da kwano, masuncin da ya fito daga bahar, wato kogin Nilu, da asuba, mai jinaina, wato lambu, da injin ban-ruwansa ya tsaya, direban raksha mai ƙafa uku, mai shayi, yawancinsu ba sa ma cikin guruf ɗin, wasu ko wayar da ke hawa intanet ba su da ita.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin shi yasa kaji ina magana da ƙarfi. Shekarun baya a Madani abokai suka yi ta zuga ni wai unguwarmu babu wurin shan asir, wato ruwan 'ya'yan itace, da askirim mai kyau sai an shiga cikin gari, na buɗe, na zuba kujerun roba jajaye, fitilu masu kala, madubi a bango, har da kifi a cikin gilashi. Ranar buɗewa ba masaka tsinke, kowa na sa albarka, kowa kuma kyauta ya sha. Sati na uku ina zaune da la'asar ni da yaron shago mun zuba wa injin markaɗe ido, ayaba ta yi baƙi a kan kanta, ƙuda na bin mangwaro, su waɗanda suka zuga ni suna wucewa a raksha suna ɗago min hannu, ya kasuwa Alhaji. Wata goma sha ɗaya na rufe. Abin da ya fi ƙona min rai, tsohon da ke raɓe a jikin bangona yana ƙulla gawayi a leda, wanda ba wanda ya taɓa cewa yana marmarin ganin mai gawayi a unguwa, shi daga wannan buhun ya aurar da 'ya'ya biyu.

Toh mu zo kan sufamaket ɗin. Babban shago kake buƙata, da kantar jera kaya, da firij aƙalla biyu, da wutar da ba ta ɗaukewa, da yaran da za su sa ido, kafin ka sayi kwalin sabulu ɗaya rabin kuɗinka ya tafi, ragowar kuma in ka baza a kan kanta sai shagon ya yi kamar wanda aka yi wa sata jiya da dare. Kayan da ke tafiya kullum, sukari, mai, fulawa, adas, ganyen shayi, ribarsu siririya ce don kowace mata a garin ta san farashinsu na yau har da na jiya. Kayan da ke da riba mai kauri kuma, cakulan, shamfu, kifin gwangwani, su ne masu zama wata uku suna shan ƙura har kwanan watansu ya ƙare. Sannan mutanenmu yanzu a kan gadar zurufak suke rayuwa, wato daidai ƙarfinka, mai na cokali uku a leda, sukarin shayin safe kawai, albasa biyu. Mai ƙaramin shago na lungu yana yi musu wannan ƙulli-ƙullin, kuma yana da jarura, littafin bashin nan da ake rubutawa sai kaka ta yi ko sai ɗa ya turo daga waje. Kai in ka hana bashi su koma wurinsa, in ka bayar kuma to ka haɗu da babban abokin gabar ɗan kasuwar Sudan, wato shi kansa jinen, kuɗin ƙasar.

Kai kana Jidda inda riyal yake tsaye kamar turke, ba ka ɗanɗani wannan da hannunka ba. A Fabrairun 2021 rana ɗaya gwamnati ta ɗaga farashin dala a banki daga jine 55 zuwa 375, kafin yaƙin Afrilun 2023 tana wajen 600, a cikin 2024 ta haura 2,000 kuma ba ta tsaya nan ba. Ma'anarsa a shago ita ce, ka sayi buhun sukari goma, ka sayar da riba a littafi, ka koma wurin babban dillali kuɗin nan duka har da ribar buhu tara za su saya maka, kana murna kana cin riba alhali jarin ne ke narkewa. Don haka duk abin da za ka buɗe ka dinga ƙirga dukiyarka da buhu da kwali da jarka, ba da jine ba, ka sa farashi a kan abin da za ka sake sayen kayan gobe, ba abin da ka saye su jiya ba. Kuma kar ka kuskura ka canja riyal ɗin nan duka rana ɗaya, abin da za ka kashe a satin kawai za ka dinga canjawa.

Yanzu ga aikin da nake so ka yi min, ba zai ci maka komai ba sai kuɗin shayi. Ka sayi littafi mai layi da biro, ka je tashar da ake hawa motocin Sinnar, ka zauna a kan bambar, 'yar kujerar mai shayi, tun bayan asuba har azahar, kwana bakwai a jere har da ranar da kasuwa ta fi cika. Ba hira za ka je yi ba ko da yake hirar ce za ta taimake ka. Duk motar da ta dawo ka kalli abin da ake saukewa, wannan ya rungumo tukunyar gas, wancan ya riƙe ledar magani, ga wani da bel ɗin inji a wuya kamar carbi, ga yaro da ƙanƙara a cikin buhu da dusar katako tana ɗiga a ƙafarsa rabi ta narke a hanya. Wanda ka sani ka tambaye shi, Baba me ya kai ka Sinnar yau, nawa ka biya mota, ka rubuta. Mutumin da ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa ya kashe rabin yininsa don ya sayi abu ɗaya, wannan ya riga ya nuna maka da aljihunsa cewa in ka kawo abin nan kusa zai saya, har in ka ɗan ɗora masa wani abu a kai yana godiya. Ka kuma kalli abin da ake lodawa ana fita da shi, kifi, ayaba, riɗi, dawa, don garin nan tun da kakanninmu suka sauka a bakin bahar bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, kuɗinsa daga gona da ruwa yake fitowa, ba daga albashi ba, duk shagon da bai jingina da waɗannan biyun ba sai ya jira kuɗin da ake turowa daga waje.

Ba wai duk abin da 'yan guruf suka faɗa shirme bane. Saidaliyya buƙata ce ta gaske, masu ciwon suga da hawan jini sun sha wahala a yaƙin nan fiye da yadda ake faɗa, allurar insulin ma sai a cikin sanyi take zama tsakanin digiri 2 zuwa 8. Amma sana'a ce mai lasisi, sai da ƙwararren mai haɗa magani wanda ya yi karatunta, akwai hukumar magunguna ta ƙasa a kanta, kai direba ne ba ka san maganin jabu da na gaske ba, kuma an cika kasuwa da maganin da ya shigo ta bayan fage ya sha rana a bayan mota. In akwai ɗan gari mai takarda da ya dawo daga Khartum ba shi da jari, wannan wata magana ce, za ku iya zama. Kai kaɗai dai a'a, ran mutane ne.

Gidan burodi ka manta da shi a yanzu, fulawa da gas da ma'aikatan dare kullum sai ka zuba kuɗi kafin gari ya waye, tanda kaɗai ta isa ta cinye ka. Gidan abinci mai kujeru kuwa ka ji labarin asir ɗina, abincin ne ke kawo kuɗi ba kujerar ba, mai agashe, wato tsire, da tirensa da fitilarsa a bakin titi bayan magariba ya fi masu fanka da labule da yawa shiga da kuɗi gida, kuma agashen nan namu ne, mu Hausawa muka koya wa Sudan cinsa, ba sai an sa masa labule ba. Wurin kallon ƙwallo ƙaramin abu ne, talabijin da risiba da rumfa, in kana da wuta a shagonka ka ba ƙaninka ya yi da dare a gefe, amma ba sana'ar da magidanci zai jingina da ita bace, ranar da ba wasa ba kuɗi. Maganar mata ita ce na fi ɗauka da muhimmanci a cikin jerin, don su ba sa faɗar abin da ba za su saya ba, sai dai kasuwar amare ta kaka ce da ta salla, kuma mace ta fi sakewa ta zaɓi kayan ciki da turare a ɗakin 'yar'uwarta mace fiye da a gaban ƙato a tsakiyar kasuwa. In maiɗakinka tana da sha'awa ka ba ta ɗan jari ta fara daga gida, ba haya ba lasisi, ta gwada kasuwar da kanta.

Da ni ne da kuɗin nan, kuma littafinka na tasha bai ƙaryata ni ba, ƙanƙara zan yi da sola. Ka ji dalilina. Maiwurno tana saman dam ɗin Sinnar da aka gama tun 1925, ruwa a kwance, masunta kuma yawanci mutanenmu ne, kifi in ya fito da safe ba sanyi dole a sayar da shi kafin rana ta take ko nawa dillali ya taya, da ƙanƙara kuwa masunci zai iya cewa albarka ya jira, ko ya kai shi Sinnar da kansa. Ga mahauta, ga masu sayar da karkade, wato zoɓo, da ruwan sanyi, ga gidan biki da gidan rasuwa, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Babban abin da yasa nake son sana'ar nan shi ne kayan aikinta rana ce da ruwa, ba ta jiran babbar mota daga Bur Sudan. Ka tambayi waɗanda suka zauna lokacin da Sinja, babban birnin jihar, ta faɗi a yaƙi a ƙarshen Yunin 2024 hanyoyi suka toshe har wajen Nuwamba, masu shagon kayan gwangwani kantarsu ta koma wayam, rana kuwa ba ranar da ta ƙi fitowa.

Amma kar ka je ka ce Kawu yace ƙanƙara kuɗi ne a ƙasa. Ka fara da firiza biyu irin masu buɗewa ta sama, ba biyar ba. Ka samu mai haɗa sola wanda za ka je ka ga aikinsa na bara yana aiki da idonka, ba wanda ya nuna maka hoto a waya ba. Kwamfiresar firiza lokacin da take tashi tana jan wuta ninkin abin da take ci in ta daidaita, don haka inbata ƙarama ko ta arha za ta yi ta kashe kanta har ta ƙona maka firizar, a nan ne ba a yin rowa. Batir kuwa ba sai ka tara da yawa ba, ka sa firiza ta yi aikinta da rana, da dare ƙanƙarar da ke ciki ita ke riƙe sanyin in dai ba a yi ta buɗe murfi ba, batir shi ne ya fi tsada kuma shi ke fara mutuwa a zafin nan namu. Farantan sola a dinga share musu ƙura, firiza a inuwa inda iska ke ratsawa. Ruwan kuma, don Allah ɗana, mai tsabta, a tace a sa masa kilorin, kwalara ta ɓarke a ƙasar nan a Agustan 2024 kuma mun ga abin da ta yi, ƙanƙarar kifi daban ta sha daban, in mutum ɗaya ya kwanta aka ce daga ƙanƙararka ce ka gama kasuwa a garin ko da ƙarya ne. Sannan kar ka yi lissafinka a kan azumi, azumin 2025 a farkon Maris ya kama kuma kowace shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11, wato cikin sanyi yake shiga, shekarun da masu ƙanƙara ke cin kasuwar Ramadan da tsakar zafi sun wuce sai bayan an daɗe. Watannin sanyi ciniki zai faɗi, in wutar gwamnati ta daidaita ma masu firij a gida za su daina saye, masunta da mahauta ne za su rage maka, su za ka riƙe tun yanzu.

Saboda wannan faɗuwar ne nake so ka sa ƙafa ta biyu, kayan gyaran raksha da na injin ban-ruwa. Kai direba ne, wannan yarenka ne, ka san falogi mai kyau da na banza tun daga nauyinsa a hannu. Kebur ɗin kuloci, fatar birki, zobba, boris, bel, tiyo, man inji, ba sa ruɓewa, kwanan watansu ba ya ƙarewa, farashinsu dala yake bi, wato jarinka na kwance a cikin ƙarfe maimakon jine. Mai rakshar da ta tsaya ba ya dogon ciniki don kowace awa asara yake yi, haka mai ayabar da injinsa ya mutu ganye ya fara lanƙwasa. Sirrin kawai kar ka sayi kaya da ka, ka zauna da makanikai biyu ko uku na garin ka ce su lissafo maka abubuwa ashirin da suka fi aika yaro Sinnar ya sayo, da irin rakshar da ta fi yawa, Bajaj ce ko TVS, waɗannan ashirin ɗin kawai za ka fara da su. In ka samu makanike ya kafa rumfarsa a ƙofar shagonka kyauta ma ka ba shi wurin.

Wannan ya kawo mu maganar wuri. Kowa na cewa tsakiyar gari, tsakiyar gari, ni kuwa inda ƙafar mai sayenka ke bi nake nema, tsakanin tasha da hanyar da ke gangarawa bahar ya fi maka shagon da ke kallon babban masallaci ana biyan haya ninki biyu. Ka duba rufin ma, zai ɗauki farantan sola, akwai bishiya ko bene da ke tare rana, akwai mai gadi da dare. Haya a rubuce da shaidu, a faɗi wata nawa farashin zai tsaya, kuma ka tabbatar wanda ya ba ka shi ne mai shagon, yaƙin nan ya watsa mutane, akwai shagunan da masu su ke Masar ɗan'uwa ne kawai ya riƙe mabuɗi, kar ka gama kafa sola a zo a ce maka tashi. Ka je mahalliya, wato ƙaramar hukuma, ka yi lasisinka da katin lafiya tunda abin sha ne, duk wanda ya zo karɓar kuɗi da sunan hukuma ka ce ya ba ka Urnik 15, rasiɗin gwamnati kenan, ka adana su a leda ɗaya.

Rabon kuɗin a nawa ganin, wajen riyal dubu 12 sola da firiza da tankin ruwa, dubu 7 kayan gyara, dubu 2 haya da takardu, dubu 9 kuma ka bar su a riyal ka manta kana da su, ranar da inbata ta ƙone ko aka sake shiga wani hali, Allah ya kiyaye, su za su tashe ka. Ka je ka tambayi farashi na yau ka gyara lissafin, amma kason ajiyar nan kar ka taɓa shi don ka ƙara firiza.

Ciniki yanzu rabinsa Bankak ne, manhajar tura kuɗi ta waya ta bankin Khartum, dole ka karɓa, amma hoton ish'ar, wato shaidar tura kuɗi, da mutum zai nuna maka a wayarsa ba kuɗi bane, ana ƙirƙirar na ƙarya, sai ka ga kuɗin sun shiga a taka wayar sannan kaya su fita, ko da limamin unguwa ne, ka ce dokar shago ce ba zargi ba. Ka buɗe asusu na biyu a wani bankin, ko Fawry na bankin Faisal ko O-Cash na bankin Omdurman, don ranar da ɗaya ya ƙi. A Fabrairun 2024 layukan waya sun ɗauke gaba ɗaya mutane da kuɗi a asusu suka kwana da yunwa, a Disambar 2024 kuma aka canja takardun 500 da 1,000 waɗanda suka tara tsaba a gida suka kwana a layin banki, kaga kenan ba a zuba duka a wuri ɗaya. Za a zo a ce maka ka shiga sana'ar ba da tsaba a karɓi Bankak da ragi, tana da kuɗi kam, amma jine da jine ne da ƙari a tsakani, ni ban yi ba kuma ban ba ka shawara ba, ka tambayi malamanku na gari.

Saura abin da ya fi kashe shagon wanda ya dawo daga Saudiyya, kuma ba jine bane ba ɓarawo bane, dangi ne. Kowa gani yake ka dawo da buhun riyal, gwaggo za ta aiko a ba ta ƙanƙara ta biki, ɗan baffa zai ɗauki taya yace sai ya yi aiki, kai kuma kunya ta hana ka magana. Ka yanka wa kanka albashi a wata kamar yaron shago, daga ciki za ka yi cefane ka yi zumunci, in ya ƙare ya ƙare, aljihun shago ba naka bane. Jarura kuma ka yi mata iyaka, masunta na yau da kullum bashin kwana ɗaya ko biyu, wanda bai biya na jiya ba ba ya ɗaukar na yau. In za ka sa ɗan'uwa ya riƙe ɓangaren kayan gyara da jarinka, ku yi shi ƙiradi yadda malamanmu na Malikiyya suka karantar, riba a raba da kaso, rabi ko sulusi, ba a yanka wani adadi tsayayye ba, asarar da ba sakacinsa bace a kan mai jari take shi kuma ya yi asarar wahalarsa, ku rubuta a gaban mutum biyu tun ana dariya. Shekara in ta zagayo kaya da kuɗi sun kai nisabi, kimar giram 85 na zinariya, ka fitar da biyu da rabi cikin ɗari.

Ka je ka yi min kwana bakwai ɗin nan a tasha tukuna kafin ka canja ko riyal ɗaya, ka ɗauko hoton shafukan littafin ka turo min, ka haɗa da farashin sandar ƙanƙara a Sinnar da nawa ake sayar da ita in ta iso Maiwurno, da adadin masu firizar da suka riga ka farawa a garin don na san ba za a rasa ba, in sun yi yawa sai mu karkata ga kayan gyaran mu rage firiza zuwa ɗaya. Ka gaida min Hajiya da yaran, ka ce mata Kawu yace a ba ka shayi da wuri sati mai zuwa, tasha za ka.